Kawu, Mai Duban Tsofaffin Kwabbai

Kawu ya rasu da hantsi, ana tsakiyar yankan riɗi. Lokaci ne da Gadarif take zama kamar an share ta, maza duk sun yi gona, wasu Simsim wasu Fashaga. Shi ya sa Inna, mahaifiyata kuma ƙanwarsa, ta ce wa yayana kada ya wahalar da kansa neman babban siwan, ƙaramar rumfa ma ta isa. Kafin la'asar sai da aka ƙara wasu rumfunan, aka aro tabarmin masallaci, aka toshe layinmu har raksha mai ƙafa uku ba ta iya wucewa.

Danginmu da maƙwabta mun san su. Waɗanda ba mu sani ba su ne suka fi yawa. Mutane ne masu Larabcin Khartum da na Madani, suna tambayar yara a hanya ina ne gidan tsohon nan mai duba kwabbai. Mai hurda na kasuwarmu, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa, ƙato ne da ake jin muryarsa daga bakin titi. Ya ɗaga hannu ya yi Fatiha da yayana, ya fara ta'aziyya da "Albaraka fikum", bai ƙarasa ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa. Wayar Kawu kuwa ba ta huta ba. Wani ya kira daga Alƙahira, wani daga Jidda, kowa sai ya ce bai taɓa ganin fuskar marigayin ba, amma ya san muryarsa kamar ta babansa.

A cikin gida Hajja, matar Kawu, tana zaune a kan angarib, gadon igiya, idonta a bushe. Ta leƙa ta katanga ta ga taron, ta juyo ta dube ni.

"Duk wannan jama'a," in ji ta, "saboda tsatsa?"

Sai a lokacin ta fashe da kuka, muka taya ta.

Ni malamar makaranta ce, ba marubuciya ba. Amma na ga jikokinsa suna wasa da gilashin dubawarsa ba su san ko na mene ne ba, na ji tsoron nan gaba a ce da su kakansu wani manomin riɗi ne kawai, a tsaya nan. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona.

Manomin riɗi ne kam, da shi ya ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Kakanninmu daga yamma suka taso za su Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan, baƙar ƙasar nan ta riƙe su. Kakanmu maƙerin farfaru ne, yana ƙera munduwa da zobba, yana liƙe butocin tagulla. Mutane sukan kawo masa tsofaffin kwabbai ya narka, Kawu kuma tun yana saurayi yakan tsince waɗanda suka burge shi ya ɓoye, a yi ta faɗa. Daga baya ya yi fatauci zuwa Gallabat, a can ya haɗu da wani tsohon ɗan kasuwa Bakibɗe mai tara kwabbai. Shi ya nuna masa cewa akwai mutane a duniya da suke sayen irin waɗannan abubuwa, kuma ba nauyin tagullar suke saye ba, lafiyar kwabon suke saye. Kwabo biyu iri ɗaya, bugun shekara ɗaya, ɗaya ba zai saya maka shayi ba, ɗaya kuma zai saya maka jaki. Abin da ya raba su shi ne aikin Kawu.

Ba ya duba kwabo sai da hasken safe. In ka zo masa bayan azahar sai ya ce ka sha jabana, wato gahawa, ka dawo gobe, rana ta riga ta yi ƙarya. Yakan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle a gwiwa, ya wanke hannu ya goge kamar zai ɗauki Alƙur'ani. Ba ya taɓa fuskar kwabo, a gefe yake riƙewa da yatsu biyu, ya karkata shi a hankali har haske ya kwanta a kai. Wurin da ya fi tudu yake fara dubawa, don nan hannu yake fara ci. A kwabon zamanin Turkawa, murɗaɗɗen tambarin nan na sarkin Istambul. A na Habasha, gashin wuyan zaki. A millim, ƙaramin kwabonmu na da, gwiwar mahayin raƙumi. Sannan ya duba gefe ko ya taɓa faɗuwa, ya duba ko an huda shi an yi sarƙa an toshe, ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne, don na jabu da aka zuba a kasko ba ya amsawa.

Masu saye suna da sunayensu na daraja da Larabci, shi ma ya san su, amma mu a gida nasa muka sani. In kwabo ya fito kamar ranar da aka buga shi, sai ya ce, "Wannan bai taɓa fita ba." In an ɗan taɓa shi, "Ya leƙa kasuwa ya dawo." Na ƙasa da shi, "Ya sha hannu." In rubutu ya fara shafewa, "Ya gaji." Wanda kuwa ya zama sumul kamar maɓalli, sai ya miƙa maka abinka da ladabi ya ce, "Wannan sai addu'a." Har mutane yake yi wa haka. Ranar da na dawo daga jarrabawar ƙarshe ya dube ni ya ce da Inna, "Ɗiyarki ta sha hannu, a ba ta asida."

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a wanke kwabo. Launin nan mai duhu da tagulla take yi in ta tsufa, kamar gasasshen bunnun gahawa, shi yake kira rigar kwabo. Yakan ce shekaru ne suka ɗinka ta, ba kuma telan da zai sake ɗinka wata. Koren tsatsa mai cin ƙarfe daban, wannan cuta ce, yana da dabarar tsayar da ita. Amma rigar ba a taɓa ta.

A kan haka suka yi faɗan da har yau ake ba da labarinsa a gidanmu. Suna sabon aure ya tafi Simsim shuka. Hajja, amarya mai son tsabta, ta buɗe akwatinsa ta ga kwabbai baƙi ƙirin, ta ji kunya a ce mijinta yana ajiye datti. Ta samo lemon tsami da toka ta zauna ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, ta jera su a faranti tana jiran yabo. Inna ta ce da ya dawo ya gani bai yi ihu ba. Ya zauna a bakin ƙofa kamar an yi masa mutuwa, ya ce, "Kin fiɗe su da ransu."

Hajja ta ce, "In tsatsa kake so, ga tukwane can, daga yau na bar wanke su."

Ta kuwa bari. Sai da ya ci abinci a ƙazamin kwano ya gaji, ya je ya sayo mata turare, aka shirya. Amma har suka tsufa, in ta ɗauko lemon tsami za ta yi miya, sai ya jawo akwatinsa kusa da ƙafarsa, ita kuma ta ce, "Kwantar da hankalinka, Alhaji, yau kifi zan fiɗe."

Shekaru da yawa wannan sana'a ba ta wuce abin dariya a unguwa ba. Jefi-jefi manomi ya tono wani abu a gona ya kawo, ko wani baƙo ya aiko da hoto yana neman ra'ayinsa. A hankali dai sunansa ya zaga tsakanin masu tarawa, don sun lura da abu ɗaya: in tsohon Gadarif ya ce kwabo ya leƙa kasuwa, to in ya iso hannunka haka za ka same shi, ba sama ba ƙasa.

Sai yaƙi ya zo. Mutanen Khartum suka fara kwararowa, kafin shekara ta ƙare na Jazira suka biyo su. Aka rufe makarantarmu aka zuba iyalai a azuzuwa, ajin da nake koyarwa aka raba shi da zannuwa. Mutanen da jiya suke da gida da mota, yau suna bin layin ruwa. Abin da suka iya gudowa da shi suka fara sayarwa: zinariya tukuna, sannan waya, sannan tukwane. A ƙarshe sai tarkacen da ake samu a ƙasan jaka, har da gwangwanayen tsofaffin kwabbai na kakanni, waɗanda ba wanda ya san dalilin ɗauko su. Duk wurin mai hurda suke ƙarewa, ya ɗora a sikeli, a tura a narka.

Ranar da Kawu ya ji haka, ya ɗauki sandarsa da kujerarsa ya tafi kasuwa, ya dasa kujerar daidai gefen sikelin. Ina tare da shi, don ni nake riƙe masa waya.

Mai hurda ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi Alhaji, lafiya?"

"Lafiya lau. Inuwa na zo sha."

"Ai babu inuwa a nan."

"To zan jira ta."

Duk wanda ya zo da kwabbai, Kawu sai ya ce, "Ɗana, kawo in gani kafin a auna." Yawanci ya mayar ya ce sai addu'a, a auna. Amma lokaci-lokaci sai ya ware ɗaya ya ce, "Wannan kada ka sayar a nan. Zo gidana gobe da safe." Mai hurda ya yi tsalle ya dire, ya ce ana kashe masa kasuwa, ya yi rantsuwa zai kira 'yan sanda. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kai tagulla kake so, ga ta nan na bar maka buhu-buhu. Ni abin da ke rubuce a kanta nake so. In ka narka shi, nauyinka bai ƙaru ba, su kuma ka narka musu abincin wata guda." Mutumin ya yi kwanaki ba ya gaishe shi. Wata safiya muka zo muka tarar an kafa buhu a kan sanduna daidai inda Kawu yake zama. Inuwar da yake jira ta zo. Daga baya ma mai hurdan da kansa yake tsince kwabbai daga cikin kaya ya ajiye a kofi yana jiran tsohon.

A ajina akwai wata mata daga Madani da kowa yake kira Uwar Tagwaye, saboda 'yan matanta biyu. Mijinta ya rasu a hanya, ciwon sukari, maganinsa ya ƙare. Ba ta da yawan magana. Wata rana ta ja ni gefe ta nuna mini gwangwanin alewa cike da kwabbai, ta ce na mijinta ne, shi ma gadonsu ya yi, kullum yana cewa za su yi rana. Ɗaya daga cikin tagwayen tana tari, ɗakin kuma mutum a kan mutum. Abin da take so kawai ta samu ta kama bukka ko da a bayan gari ne. Na ce ta zo gidan Kawu gobe da safe.

Ta zo lulluɓe cikin tob ɗinta mai tsabta, ta buɗe gwangwanin. Kwabban suna walƙiya kamar sabon faranti. Ta ce jiya da yamma ta ga ba daidai ba ne ta kawo wa dattijo kaya da datti, ta nemi lemon tsami.

Kawu ya ɗauki ɗaya, ya karkata, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Da Larabci suka yi zancen, amma ga yadda ya kasance.

"Ya bitti, 'yata, waɗannan jiya da safe dukiya ne. Yau an wanke su. Dole in gaya wa mai saye an wanke su."

"To in ka faɗa sai me?"

"Sai darajarsu ta faɗi ƙasa warwas."

Ta dube shi, ta dube ni. "Ya ammi, a hoto zai gani. Malama ta ce ba sa tambayarka hujja, abin da ka ce shi ke nan. Ka ce haka suke. Mutumin yana can cikin sanyin ɗakinsa, ba abin da zai rage shi da shi. Ni 'yata ba ta barci don tari."

"Ba zan iya ba."

"Kalma ɗaya ce."

"Ita kaɗai gare ni," in ji Kawu. "In na kashe ta a kanki yau, gobe wanda zai zo bayanki da me zan taimake shi?"

Ta tattara kwabbanta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya ba ka lada a kan gaskiyarka. Mu kuma Allah ya ba mu wanda ya san yunwa." Ta tafi.

Hajja tana bayan ƙofa tana ji. Ta fito ta wanke shi tas. Ta ce ai ita ma ta taɓa yin wannan kuskuren, ta san zuciyar da ake yin sa da ita. Ta ce mace ta zo da marayu ka tsaya kana mata wa'azin tsatsa. Da rana aka kawo kisra da miya Kawu ya ce ya ƙoshi. Da yamma ma haka.

Washegari ya ce in raka shi makaranta. Ya tsaya a bakin ajin ya yi sallama, ya ce da ita, "Hukuncina yana nan, ban canza ba. Amma jiya na duba kwabbai ban dubi mai su ba, wannan kam ki yafe mini. Kuma ban gama ba, kika kwashe. A sake kawowa."

Ta kawo ba don ranta ya so ba. Suka zauna a barandar ajin ya bi su ɗaya-ɗaya, yana nuna mata ƙananan zane-zanen da toka ta bari, waɗanda ba a gani sai an karkata. Can ƙasan gwangwanin akwai wasu 'yan kaɗan a ƙulle cikin tsumma, ta ce lemon ne ya ƙare kafin ta kai gare su. Kawu ya kwance. Tun kafin ya ɗauko gilashi ta nuna ɗaya da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba, ta ce, "Wannan ya fi 'yan'uwansa. Dubi layukan nan, ba su kwanta ba."

Ya ɗago ya dube ta. "Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. A gidan gurzar auduga na yi aiki, ina tantance kaɗa. Ido ne kawai."

Kwabon zamanin Turkawa ne babba, rigarsa cif, tambarin a tsaye kamar jiya aka buga. Na ɗauki hotonsa gaba da baya a kan baƙin ƙyalle, Kawu ya yi magana a waya da wani mai saye na Jidda ya ce, "Wannan bai taɓa fita ba. Sauran an wanke su, ku saya a matsayin wankakku ko ku bari." Mutumin Jidda bai ko nemi ƙarin hoto ba. Ya sayi mai kyan, ya haɗa da wankakkun, ya ce tun da aka fara yaƙi kowa ƙarya yake aiko masa, wannan ne karo na farko da aka gaya masa aibin kaya kafin ya tambaya. Kafin wata ya ƙare Uwar Tagwaye ta kama bukka mai ɗan tsakar gida, aka kai yarinyar asibiti, tarin ya tafi.

Daga nan gindin darbejiyarmu ya zama kamar ƙofar asibiti. Ba kowa ne ya dace ba, da yawa sun koma da "sai addu'a", Hajja takan bi su da shayi da zalabiya don kada su tafi hannu biyu. Amma na san wanda ya sayi keken ɗinki, na san wadda ta kafa teburin shayi a tasha, na san wani tsoho da ya samu kuɗin motar zuwa wurin 'ya'yansa a Kassala. Kawu bai taɓa karɓar ko sisi a hannun ɗan gudun hijira ba. In an matsa masa sai ya ce riɗi yana ciyar da shi.

Uwar Tagwaye kuwa ba ta daina zuwa ba. Da fari ta ce gaisuwa take kawowa. Sai ta fara zama a gefen ƙyallen. Lokacin yanar ido ta fara rufe idon Kawu na hagu, na daman ma yana bin sahu, shi kuma ya ƙi yarda a faɗa. Sai ya riƙa miƙa mata kwabo yana cewa, "Faɗi naki in ji, kafin in faɗi nawa." Ya koya mata karanta shekarar bugu, ya koya mata bambanta zakin gaske da na jabun da ake shigowa da shi ta Gallabat, ya koya mata sauraren ƙarar tagulla. In ta yi kuskure ba ya sassauta mata, ita ma ba ta kuka, sai ta ce a sake ba ta wani.

Dangi suka fara gunaguni. Wani ɗan'uwansu Inna ya zo takanas ya ce, "Yaya, ga 'ya'yanka ga jikokinka, ka rasa wanda za ka ba wa sana'arka sai baƙuwa, mace, wadda ko Hausa ba ta ji?"

Kawu ya ce, "Na shimfiɗa ƙyallen nan a ƙofar gida tun kafin a haife su. Wa na kora? Ita ce ta zauna. Baƙunta kuwa, mu da kakanmu ya iso garin nan da ƙafa a kumbure, mu ne za mu kira wani baƙo?"

Ba a sake tayar da maganar ba.

Abin da nake so a fi tunawa da shi ya faru bayan daminar da ta wuce. Wani saurayi daga Omdurman ya kawo kwabo ɗaya tak, na zamanin Mahdiyya, irin waɗanda aka buga a garinsu da tagulla. Ya ce kakarsa ce ta ɗinke shi cikin matashin kai. Kawu ya duba ya ga tsakiyar rubutun ya dushe, ya ce, "Ya sha hannu, yana neman gajiya." Har ya ce in kira mai saye, na kira, ya faɗa masa haka. Sannan, don sabo, ya miƙa wa Uwar Tagwaye.

Ta daɗe tana karkata shi. Ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Ya ammi," in ji ta a hankali, "ban yarda ba."

Ni dai tun da nake ban taɓa jin wanda ya faɗa wa Kawu haka a kan kwabo ba.

"Me kika ce?"

"Wannan bai sha hannu ba. Hannu gefe yake fara ci da wurin tudu, ga gefensa nan da kaifi, har yana kama tsumma. Tsakiya ce kawai ta dushe, kuma juya ka gani, bayansa ma daidai wurin ne ya dushe. Ba gogewa ba ce. Mai bugun ne hannunsa bai yi nauyi ba, rubutun bai taɓa fitowa ba tun farko. Haka aka haife shi. Bai taɓa fita ba."

Fuskar Kawu ta ɗaure. Ya karɓa, ya tashi da kyar ya fita daga inuwa zuwa tsakiyar rana, ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya kawo gilashi har yana taɓa girarsa. Muna tsaye muna kallon bayansa. Saurayin ya rasa inda zai sa kansa. Uwar Tagwaye ta sunkuyar da kai, na ga tana murza bakin tob ɗinta, na san tana cewa a ranta yau ta rasa uba na biyu.

Sai muka ji wata irin dariya. Ya juyo hawaye yana bin gemunsa.

"Allahu akbar! Hajja! Hajja, fito! An kayar da ni!"

Hajja ta fito da ludayi a hannu. "Wa ya kayar da kai? Ka ji ciwo?"

"Yarinyar nan! Ta kayar da ni a ƙofar gidana, da rana tsaka, a gaban shaidu!"

Ya ce in sake kiran mai sayen. Da aka ɗauka ya ce, "Maganar da na gaya maka ɗazu kuskure ce. Kwabon ya fi yadda na ce nesa ba kusa ba, kuma ba ni na gano ba. Ga wadda ta gano. Daga yau in ta faɗi abu ni na faɗa, in kuwa muka saɓa, nata za ka ɗauka." Ya miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bayanin da murya a tsaye, tun daga gefe har tsakiya, mutumin yana ta cewa tamam, tamam. Saurayin ya tafi da abin da bai taɓa mafarki ba.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ce in tare raksha. Muka zaga kasuwa, daga masu riɗi zuwa masu dawa zuwa maƙera, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce, "Ba ka ji ba? Yau an kayar da ni!" Ya sayi zalabiya tire guda ya ce a raba sadaka. Mutane suka ɗauka tsufa ne ya taɓa shi.

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, ko kaɗan bai yi maka zafi ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, da farko ya yi, kamar an taka mini ƙafa. Amma tun ina saurayi duk abin da na faɗa sai a ce haka ne, Alhaji. Kin san irin tsoron da ke cikin wannan? Kullum ina kwana da tunanin ranar da idona zai tafi in ci gaba da yanke hukunci, ana cewa haka ne, ina cutar bayin Allah ban sani ba. Yau na samu mai ce mini a'a, kuma ta fi ni gaskiya. Yanzu ko gobe aka kira ni, na shirya."

Ba goben ba ce, ya ƙara 'yan makonni. Bai sake duba kwabo ba. Yakan fito da safe ya kishingiɗa a kan angarib yana sauraren ta tana aiki, in ta yanke hukunci ya gyaɗa kai ido a rufe. Rannan da hantsi ya ce da Hajja ta dafa jabana ta sa citta da yawa. Ya sha, ya yi hamdala, ya ce zai ɗan miƙe. Da ta zo ɗaukar kofin ta tarar ya tafi, fuskarsa a sake kamar mai jin labari mai daɗi.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka. Bai taɓa ƙara wa abu darajar da ba shi da ita ba, bai kuma rage wa kowa tasa ba. Kai kuwa ka fi shi sassauci. Kada ka duba shi da gilashi, ka dube shi da rahamarka, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa mu da shi a gidan da ido ba ya dushewa. Amin.